Kwaɗo Uku a Ƙofar Ruwa

Shekara ashirin da ɗaya mabuɗin ƙofar ruwa na aljihuna,
ni Hilarión Ayaviri, a gindin dutsen Tunari.
Alƙalin ruwa suke ce mini,
ko da yake ban taɓa taka kotu ba.

Da can Cochabamba fitilu ce a ƙasan kwari,
kamar garwashin da aka watsar.
Yanzu ta hauro.
Ta cinye gonar furannin Zenón, ta cinye masarar ƙanena,
ta tsaya bakin magudanarmu tana lasar baki.

Ran Asabar aka tara mu a ajin firamare,
manya a kujerun yara, gwiwa na gaisawa da haɓa:
mutanen tudu masu gadon tafki, mu manoman tsakiya,
da 'yan sabuwar unguwa wadda ko suna ba a raɗa mata ba.
Injiniya Ximena ta shimfiɗa taswira mai faɗin tabarma.

Tsohuwa Nemesia ta gyara ganyen koka a kumatu,
ta ɗora yatsa inda takarda take fari fat.
"Nan akwai idon ruwa.
Nan na wanke zanen goyon 'ya'ya bakwai."
Injiniya ba ta yi musu ba.
Ta miƙa mata fensir.

Ni da maganata na zo, tun dare nake wasa ta:
kakanninmu suka sassaƙa wa ruwan nan hanya da hannu,
baƙo ba ya zuwa da tulu ya ce rijiya tasa ce.
Kafin in buɗe baki wata ta riga ni,
Basilia, mai tuyar dankali a bakin tasha.
Ta dire kwalba a tebur, ruwan ciki kalar shayi.
"Wannan muke saye a tanka.
Ganga guda, kuɗin burodin kwana uku.
In wanke jariri, in wanke kaya da ragowar,
abin da ya saura na albasar cikin gwangwani ne."

Na ce, ina gidanki?
Ta ce, bayan turken lantarki na huɗu,
daura da wani kututturen ɓaure.

Na san kututturen.
Ni na dasa ɓauren.
Ɗana ya sayar da filin, ya hau jirgin Sifen.
Maganar da na wasa ta dakushe a bakina.

Ba mu gama ranar ba, ba mu gama a wata uku ba.
An buga tebur, an tono rigimar da ta girmi kowa a ɗakin.
Sau biyu mutanen tudu na ficewa,
sau biyu ƙamshin kaskon Basilia na dawo da su.
Abin da muka sa wa hannu bai cika shafi biyu ba:
dare na gona, asuba ta famfo;
kowane ɓangare ya tura mutum goma gyaran madatsa kafin damina;
kada ƙazantar gida ta faɗa magudana;
mai son sabuwar rijiya ya fara sallama ga mai tsohuwa.

Yanzu kwaɗin ƙarfe uku ne a ƙofar,
ban da na cikin ruwa masu kuka.
Ba ta buɗuwa sai mu uku mun hallara.
Jiya Basilia ta makara.
Na tsaya da mutumin tudu cikin sanyi ina mita,
masarata na can tana jira,
sai ga ta da gudu, mabuɗi a wuya da zaren ulu.

Ruwa ya taso, ya rabu a kan dutse,
bai tambayi kowa takarda ba.
Ko zai ishe mu? Ban sani ba.
Tafkin bana bai kai zanen bara ba.

Na saɓa fartanya na bi reshena,
amma kunnena na kan ɗayan,
wanda ya gangara wajen ɓaurena.